Kula da Ciwon Sukari Yau da Kullum: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu ciwon sukari da iyalansu ke yawan maimaitawa, musamman a watannin farko bayan an gano ciwon. Amsoshin na kowa da kowa ne. Yawan maganin da za ka sha da lambar da ta dace da kai kuwa aikin likitanka ne, shi ya san shekarunka da lafiyar ƙodarka da zuciyarka.

Mene ne ainihin abin da ya lalace a jikina?

Duk abinci mai sitaci ko zaƙi, in ya narke a ciki, yakan koma wani sukari da ake kira gulukos, ya shiga jini. Daga jini sai ya wuce cikin tsoka da sauran sassan jiki, a ƙona shi a samu ƙarfi. Mai shigar da shi ciki shi ne insulin, sinadarin da wata gaɓa mai suna pankiriyas, da ke kwance a bayan tumbi, take fitarwa. Idan insulin ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai sukari ya taru a jini alhali tsoka na fama da yunwa. Da ya haura wajen 180 a ma'auni, ƙoda takan fara zubar da shi ta fitsari, shi kuma ya ja ruwa ya tafi da shi. Daga nan yawan fitsari da ƙishirwa da rama suka samo asali.

A nau'i na 1, garkuwar jiki ce ta lalata ƙwayoyin da ke yin insulin. Ya fi kama yara da matasa, kuma mai shi ba ya rayuwa sai da allurar insulin. A nau'i na 2, wanda fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon ke da shi, insulin na nan amma ba ya isa, jiki kuma ba ya karɓarsa yadda ya kamata. Gado da ƙiba, musamman teɓa, da rashin motsi ne ke share masa hanya. Akwai kuma wanda ke zuwa da juna biyu. Ka tabbatar ka san wanne kake da shi, domin amsoshi da dama a ƙasa sun rataya a kan haka.

Ni fa ba na jin komai. Dole ne in ci gaba da shan magani?

Dole ne. Sukari zai iya zama a 200 shekara da shekaru mutum na harkokinsa garau, shi kuwa yana ta cin ƙananan hanyoyin jini na ido da ƙoda da ƙafa a ɓoye. Ranar da alama ta fito, ɓarna ta riga ta yi nisa. Shi ya sa da yawa ba a gano ciwon sai sun je asibiti da wata matsala daban, gyambon da ya ƙi warkewa ko gani da ya fara dusashewa.

Wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada kan masu nau'i na 1, wanda sakamakonsa ya fito a 1993, ya nuna cewa riƙe sukari kusa da daidai ya rage haɗarin lalacewar ido da kashi 76 cikin 100. Wani da aka yi a Birtaniya kan nau'i na 2, aka buga a 1998, ya nuna raguwar kashi 25 cikin 100 na ɓarnar ƙananan hanyoyin jini. Abin da ya fi yawan kada mutane shi ne su ga lamba ta yi kyau su ajiye magani, alhali maganin ne ya sa ta yi kyau.

Lamba nawa ya kamata in gani a na'ura?

Da farko duba ma'aunin da na'urarka ke amfani da shi. Wasu na nuna mg/dL, lambobi kamar 110 ko 180. Wasu mmol/L, kamar 6.1 ko 10. Ka raba na farko da 18 ka samu na biyu. Lambobin na'ura da ke cikin wannan rubutu duk na mg/dL ne. Ga yawancin manya da ba masu juna biyu ba, abin da Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka ke ba da shawara shi ne 80 zuwa 130 kafin cin abinci, da ƙasa da 180 awa ɗaya zuwa biyu bayan fara ci. Ƙasa da 70 faɗuwa ce, kuma tana da tata amsar a gaba. Tsofaffi da masu ciwon zuciya ko waɗanda sukarinsu ke yawan faɗuwa akan sassauta musu, don faɗuwar ta fi yi musu haɗari a kan ɗan hawan.

Lamba ɗaya mai yawa ba abin tayar da hankali ba ce. Abin dubawa shi ne yadda take maimaituwa: kullum da safe ne, ko kullum bayan abincin dare?

Yaushe zan gwada, kuma me ke sa na'ura ta yi ƙarya?

Mai allurar insulin sau da yawa a rana yana buƙatar gwaji kafin kowane abinci da kafin barci, da kafin tuƙi. Mai shan ƙwayar sukari ta metformin kaɗai ba ya buƙatar huda yatsa kullum. Gara ya gwada jifa-jifa amma da manufa, misali kafin wani abinci da awa biyu bayansa, ya ga abin da abincin ya yi masa.

Wanke hannu da sabulu ka busar da shi sosai. Wanda ya ɓare ayaba ko ya taɓa wani abu mai zaƙi ya huda yatsa bai wanke ba, ragowar zaƙin ne na'ura za ta karanta. Ka huda gefen yatsa, can ba ya zafi kamar tsakiya, kada kuma ka matse shi da ƙarfi. Tsinken gwaji na lalacewa in an bar kwalbarsa a buɗe, ko zafi ya buge shi, ko wa'adinsa ya wuce. Ka rubuta lambar da lokacin da abin da ka ci. Littafin da aka cika tsakani da Allah, har da munanan lambobi, ya fi wa likita amfani a kan wanda aka ƙawata don a faranta masa.

Mece ce HbA1c da ake ce in yi bayan wata uku?

Gwajin jini ne da ke nuna matsakaicin sukarinka na wata biyu zuwa uku da suka wuce. Sukari na manne wa jajayen ƙwayoyin jini, su kuma sukan rayu wajen kwana 120, don haka ba a iya yaudarar gwajin da kame baki na kwana biyu kafin ranar asibiti. Daga 6.5 zuwa sama ana ce wa mutum yana da ciwon. Ga yawancin manya masu shi, ana son ya kasance ƙasa da 7. Akan yi shi duk wata uku in an canja magani ko ba a kai ga abin da ake so ba, sau biyu a shekara in komai ya daidaita. Mai ƙarancin jini, ko sikila, ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan ya faɗa wa likita, domin sakamakon na iya karkacewa.

Kowa na hana ni wani abu. To me zan ci?

Mai sabon ciwon sukari yakan tarar kowa ya zama likita: wannan ya hana shinkafa, wancan ya hana burodi, har mutum ya rasa abin sa wa a baki, ya rame, daga baya ya yi fushi ya koma cin komai. Maganar gaskiya, yawan abin da ka zuba ya fi sunan abincin muhimmanci. Hanya mafi sauƙi ita ce ta faranti. Rabinsa ganye da kayan lambu marasa sitaci, irin su kabeji, alayyafo, tumatir da kokwamba. Kashi ɗaya cikin huɗu kifi, ƙwai, kaza ko nama. Ragowar kashi ɗaya cikin huɗun ne na sitaci: shinkafa, taliya, dankali, burodi ko abin da aka yi da garin hatsi.

Hatsin da ba a cire wa dusa ba ya fi jinkirin narkewa, don haka sukarinsa na shiga jini sannu a hankali. Wake ma haka, ga shi yana riƙe ciki. Sitacin da aka ci tare da ganye da nama ba ya harba sukari kamar wanda aka ci shi kaɗai. Kada ka tsallake abinci da rana sannan ka rama da dare, musamman in kana shan maganin da ke kayar da sukari (duba amsar ƙwayoyi). Jiki kuma ya bambanta: abincin da ya ɗaga na wani zai iya ƙyale naka, kuma gwajin kafin ci da bayan ci da aka ambata a sama ne zai raba gardama.

A rage gishiri da soye-soye su ma. Ba su ne ke ɗaga lambar na'ura nan take ba, amma zuciya da hawan jini na cikin lissafi.

Zuma da 'ya'yan itace fa, tunda ba sukarin kamfani ba ne?

Jini bai san wannan bambancin ba. Zuma na ɗaga sukari kusan kamar farin sukari, haka ma jan sukari. 'Ya'yan itace kuwa ana ci, amma a ci su yadda suke, guda ɗaya madaidaici a lokaci ɗaya, kada a matse su a sha ruwan. Kofi ɗaya na ruwan lemo ya haɗa zaƙin lemo biyu ko uku, an kuma zubar da abin da zai rage masa gudu. In abu ɗaya kawai za ka iya bari a wannan makon, bar lemon kwalba da shayi mai sukari. Amfaninsu ɗaya ne gare ka, ranar da sukari ya faɗi.

Wane irin motsa jiki, kuma na tsawon yaya?

Minti 150 a mako na motsin da zai sa numfashi ya ɗan ƙaru, kamar tafiya da sauri, a rarraba shi yadda ba za a yi fiye da kwana biyu a jere ba a motsa ba. A ƙara da abin da zai wahalar da tsoka sau biyu ko uku a mako. Tsoka mai aiki na jan sukari daga jini ko da insulin bai wadata ba, kuma tasirin na iya kai wa washegari. Tafiyar minti goma zuwa sha biyar bayan cin abinci na rage hawan da ke biyo baya. Mai allurar insulin ya riƙe abin zaƙi a aljihu, ya kuma sani cewa faɗuwar na iya zuwa sa'o'i bayan an gama, har cikin barci.

Ta yaya zan gane sukari ya faɗi, kuma me zan yi?

Hannu ya fara rawa, gumi mai sanyi ya karyo, zuciya na bugawa da sauri, yunwa ta taso farat ɗaya. Wani sai ka ga ya fara faɗa ba gaira ba dalili, ko magana ta sarƙe masa, ko ya yi zuru yana kallon mutane. Mai yawan jawo haka shi ne a sha magani ko a yi allura sannan a jinkirta abinci, ko aiki mai nauyi, ko shan giya. In da na'ura a kusa, gwada. Ƙasa da 70 ta tabbata. In babu, ka ɗauka faɗuwar ce, kada ka jira.

Sha giram 15 na sukari mai saurin shiga jini: babban cokali ɗaya na sukari ko zuma, ko rabin kofi na lemon kwalba mai sukari, ko ƙwayar gulukos uku zuwa huɗu. Jira minti 15 ka sake gwadawa. In har yanzu ƙasa da 70 ne, maimaita. Da ya dawo, ci wani abu mai riƙe ciki in lokacin abinci da saura. Cakulan da biskit ba su dace da wannan ba, maiƙonsu na jinkirta sukarin.

Wannan sashen na iyali ne. In mutum ya suma ko ba ya iya haɗiya, kada a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi a gefensa, a yi masa allurar gulukagon mai ɗaga sukari in akwai kuma an koya muku, a garzaya asibiti. Wanda ya daɗe da ciwon kuma sukarinsa ke yawan faɗuwa zai iya daina jin alamun gaba ɗaya, don haka duk faɗuwar da ta maimaitu a kai wa likita labarinta a gyara magani.

Me ya sa yake hawa da safe alhali ban ci komai ba?

Hanta na ajiye sukari, kuma gab da asuba wasu sinadaran jiki kan sa ta sake shi don shirin tashi. Mai lafiya insulin ɗinsa kan share shi nan da nan. Mai ciwon sai ya gan shi a na'ura. Rashin barci, damuwa, zazzaɓi da magunguna irin su prednisolone da dexamethasone su ma na ɗaga shi ba tare da an ci ko loma ba. Kada ka daina cin abincin dare don wannan, kada kuma ka ƙara wa kanka magani. Rubuta lambar kafin barci da ta safe na mako guda ka kai.

Ƙwayoyin da ake ba mu duk aiki ɗaya suke yi?

A'a. Metformin, wanda aka fi farawa da shi a nau'i na 2, yana hana hanta sakin sukari da yawa, kuma shi kaɗai da wuya ya kayar da sukari ƙasa da kima. Yakan ɓata ciki a makonnin farko, shi ya sa ake shan sa da abinci a kuma fara da kaɗan. Wanda ya daɗe a kansa a riƙa duba masa bitamin B12. Glibenclamide, gliclazide da glimepiride suna matsa wa pankiriyas ya fitar da insulin ko ka ci ko ba ka ci ba, su ne masu jawo faɗuwa. Empagliflozin da dapagliflozin na fitar da sukari ta fitsari, suna kare ƙoda da zuciya, amma sukan jawo ƙaiƙayin gaba. In ka manta shan magani har lokacin na gaba ya kusa, kada ka haɗa biyu.

An ce in fara insulin. Ciwona ya kai ƙarshe kenan?

Nau'i na 2 ciwo ne mai tafiya: da shekaru pankiriyas na ƙara gajiya, ko da mutum ya kiyaye. Insulin cike gurbi ne kawai. Tsoron ya samo asali ne daga ganin waɗanda ba a fara musu ba sai da ƙoda ko ƙafa ta riga ta lalace, sai mutane suka ɗora wa allurar laifin jinkirin. Kafin Frederick Banting da Charles Best su fitar da insulin a Toronto a 1921, yaron da ya kamu da nau'i na 1 ba ya daɗewa. A Janairun 1922 aka fara yi wa ɗan shekara 14, Leonard Thompson, ya kuma rayu shekara 13 bayan haka.

Yaya ake ajiye insulin, kuma ina ake yin allurar?

Wanda ba a buɗe ba a firji yake zama, tsakanin digiri 2 zuwa 8. In ya daskare ya lalace, a zubar. Wanda ake amfani da shi yawanci yakan yi wajen mako huɗu a ɗaki in zafi bai wuce digiri 30 ba. Takardar cikin kwalinsa za ta faɗi takamaiman kwanakin. A nisanta shi daga rana da cikin mota a rufe. A jirgin sama a riƙe shi a jakar hannu. Mai launin madara a murza shi a tafin hannu har ya haɗe, ba a girgiza shi da ƙarfi.

Ana yi a ciki, cinya, ɗuwawu ko bayan dantse. Ka riƙa matsawa kamar faɗin yatsa daga inda ka yi na baya. Wurin da aka nace wa yakan yi kumburi mai tauri a ƙarƙashin fata, kuma da yake ba ya zafi mutane na son sa, amma insulin ba ya shiga jini daidai daga nan. In lambobinka sun rikice ba dalili, shafa wurin allurarka tukuna.

Ina zazzaɓi da amai, ba na iya cin abinci. In dakatar da magani?

Mai nau'i na 1 ba ya dakatar da insulin, ko da bai ci komai ba, domin rashin lafiya kan ɗaga sukari. Gwada duk awa biyu zuwa huɗu, sha ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, in akwai tsinken gwajin kiton, sinadarin da ke taruwa a jini in insulin ya yi ƙaranci, a duba fitsari. Metformin da su empagliflozin kuwa akan dakatar da su na ɗan lokaci in amai ko gudawa ya ƙarar da ruwan jiki. Ka tambayi likita tsarin tun kana lafiya. Amai da ya ƙi tsayawa, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, baki na warin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace, ko yawan barci da ruɗewa, duk alamun asibiti ne a wannan sa'ar.

Me ya sa ake ta nanata maganar ƙafa?

Saboda sukari na kashe jijiyoyin ji, yana kuma rage jinin da ke isa can. Yakan fara da zafi ko tsikari a yatsu da dare, daga baya jin ya ɗauke. Mutum zai iya yini da tsakuwa a takalmi, ko ya taka ƙusa, bai sani ba sai ya ga jini a safa. Yawancin yanke ƙafa daga irin wannan ƙaramin rauni yake farawa.

Duba ƙafarka kowane dare, har tsakanin yatsu, ka sa madubi ka ga tafin, ko wani ya duba maka. Wanke ta da ruwan da ka taɓa da gwiwar hannu ka ji bai yi zafi ba, busar da tsakanin yatsu, shafa mai a dunduniya amma ban da tsakanin yatsun. Kada ka yi tafiya ba takalmi ko a cikin gida, ka zazzage takalmi kafin ka sa. Yanke farce a miƙe, kada ka sa reza a kanta. Ƙurji, tsagewa, kumburi ko canjin launi, a nuna wa ma'aikacin lafiya cikin kwana ɗaya.

Ban da sukari, me kuma za a riƙa duba mini?

Ido sau ɗaya a shekara, irin gwajin da ake ɗiga magani a leƙa bayan ido, ko da kana gani ras. Ƙoda sau ɗaya a shekara, ta jini da ta fitsari. Hawan jini duk zuwa asibiti. Ga yawanci ana son ƙasa da 130/80. Sai kitsen jini, wanda akan ba da maganinsa ga mafi yawan masu ciwon da suka haura shekara 40. Ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ne suka fi kashe masu ciwon sukari, don haka mai shan taba ya sani barin ta na gaba da duk wata dabarar abinci.

Ana warkewa? Na ji ana tallar maganin da ke raba mutum da shi.

Nau'i na 1 ba shi da maganin warkewa. Nau'i na 2 kuwa yana iya lafawa, sukari ya dawo daidai ba magani, musamman ga mai ƙiba da bai daɗe da ciwon ba. A wani bincike da aka yi a Birtaniya, wanda ya fito a 2017, kashi 46 cikin 100 na waɗanda aka sa a tsarin rage ƙiba sun samu haka bayan shekara ɗaya, a cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye kuwa kashi 86 ne. Amma in ƙibar ta dawo shi ma yakan dawo, don haka gwajin ido da ƙoda na nan daram. Duk mai sayar da abin da ya ce zai warkar da kai cikin mako biyu, kuɗinka yake so. In kana shan wani haɗi na ganye ka faɗa wa likita, wasu na taɓa ƙoda da hanta, wasu na haɗuwa da ƙwayoyinka su kayar da sukari.

Ina da ciwon sukari, ina kuma son haihuwa. Me zan shirya?

Ki fara shiri kafin cikin ya shiga, domin gaɓoɓin jariri na haɗuwa ne a makonnin farko, tun kafin mace ta tabbatar tana da shi. Ana son HbA1c ya sauka ƙasa da 6.5 in hakan zai yiwu ba tare da yawan faɗuwa ba. Ki fara shan bitamin folik asid, a duba miki ido da ƙoda, a kuma sake duba duk magungunanki: na kitsen jini da wasu na hawan jini irin su lisinopril da losartan akan canja su, ƙwayoyin sukari da dama kuma akan maye gurbinsu da insulin. Lambobin da aka ambata a sama ba naki ba ne a wannan lokacin. Na masu juna biyu sun fi tsauri, ƙasa da 95 da safe kafin ci, ƙasa da 140 awa ɗaya bayan ci. Wadda ciwon ya zo mata da ciki kaɗai, wanda akan gwada tsakanin mako na 24 da na 28, ta sake gwaji mako 4 zuwa 12 bayan haihuwa, sannan duk shekara ɗaya zuwa uku.